Wai afil ɗin harajin gida yaudarar talaka ce

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum jama'ar Shikago. Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Takardar harajin gida ta biyu, wadda aka saba biya a Agusta, sai yanzu a Nuwamban 2025 ta iso, kuma an ce a biya kafin 15 ga Disamba. A 2024 da aka sake kimanta gidajen birni, wani kamfani ya dame ni da wasiƙu, wai in bar musu su yi min afil, wato ɗaukaka ƙara don a rage kimar gidan, ba zan ba da ko sisi ba sai sun yi nasara. Na sa hannu. Suka dawo suka ce an rage kimar gidan, suka karɓi kashi ɗaya bisa uku na abin da suka ce sun ceto min. Yau ga haraji ya fi na bara da sama da dala dubu. To ina ceton? Ni dai na gama magana: afil ɗin nan yaudara ce, an shirya ta ne don lauyoyi su ci, mu talakawa mu biya sau biyu. Mai ja ya fito.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Nima tawa ta zo, ban ma iya buɗe ta ba sai da na yi sallar isha.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe Alhaji, ina da ja, amma ka saurare ni. Abu biyu ne ka haɗa. Kima daban, haraji daban. A Gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta, ana ɗaukar kashi 10 cikin 100 na darajar gidan zama, jihar Illinois ta ninka shi da wata lamba da ke kusa da 3, a cire rangwamen mai gida, sannan a buga da adadin harajin yankinka. Gidan dala 300,000 ya zama 30,000, ya koma wajen 90,000, a cire 10,000 idan kai kake zaune a ciki, sauran a buga da abin da bai kai kashi 7 ba a cikin birni. Afil lambar farko kawai yake taɓawa. Kuɗin da makarantu, birni, gunduma da hukumar lambunan shaƙatawa suka ce suna so, tun farko aka ƙayyade shi, kuma makarantun gwamnati kaɗai suna cin fiye da rabin takardarka. Kamar kuɗin tanka ne a layi: an riga an yi ciniki, in aka rage wa gida ɗaya, sauran gidaje ne za su cike. Da ba a yi maka afil ba, da ƙarin ya fi haka.

Maman Khalifa: Ku tsaya tukuna. Alhaji, me ka ce? "Mu talakawa"? Kai da wa?

Alhaji Sabo: Ni da ke da kowa a zauren nan.

Maman Khalifa: A'a wallahi, cire ni. Mai gida hawa uku a unguwar Rogers Park, yana zaune a ɗaya yana karɓar haya a biyu, shi ne talaka? To mu da muke ɗaki biyu da yara huɗu, muna tashi ƙarfe biyar mu kama jirgin ƙasa zuwa gidan kula da tsofaffi, sai a kira mu me?

Ɗan Kumasi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Talaka ba ya samun takardar haraji. Takardar ƙarin haya yake samu.

Baba Tanko: Yara, ba ku san kalmar ba. Talaka ba matsiyaci ba ne. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da mulki, ba ya da sarauta, a yanka masa haraji ba a tambaye shi ba. Da Malam Aminu Kano da mutanensa suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, a cikin waɗanda suka bi su akwai 'yan kasuwa, teloli, masu shaguna, malamai. Duk talakawa ne. Alhaji Sabo kansila ne? Sanata ne? To talaka ne.

Maman Khalifa: Baba, ina girmama ka, amma talakan da ka sani a Kano dagaci ke zuwa ya ƙwace masa akuya. Wannan shi ne mai zuwa ranar ɗaya ga wata ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Alhaji Sabo: Gidan na banki ne, Hajiya. Sauran shekara goma sha tara in gama biya. Banki ke tara harajin a cikin biyan wata, yanzu za su aiko min cewa asusun ya gaza, su ƙara min kuɗin wata. Tukunyar ɗumama gida ta mutu a Janairu, ni na gyara. Wace haya ce ta rage?

Injiniya Bashir: Don Allah mu koma kan afil. Abin da Alhaji ya yi kuskure a ganina shi ne ba wa kamfani. Kyauta ne. Ka shiga intanet da lambar gidanka mai lamba 14, ka nemo gidaje irin naka a unguwarku, girma ɗaya, shekaru kusan ɗaya, bulo da bulo, waɗanda aka kimanta ƙasa da naka, ka tura. In kwanan nan ka sayi gidan, takardar cinikin ma hujja ce. In an rubuta maka faɗin da ba ka da shi, ka auna ka ɗauki hoto. Ofishin kima ne matakin farko. In ba ka gamsu ba akwai hukumar bita mai kwamishinoni uku da ake zaɓa, ko an rage maka a farko kana iya zuwa. Bayan ita akwai hukumar afil ta jiha ko kotu. Amma kowane yanki da ranakunsa, in aka rufe sai baɗi.

Malam Isufu: Injiniya, an turo min wata murya a wani zaure, mutumin ya ce duk wanda ya yi afil ana turo masa mai duba gida, in suka ga ka gyara ɗakin ƙasa ka sa ɗan haya sai su ninka maka.

Injiniya Bashir: Wane ne mutumin?

Malam Isufu: Ban san shi ba, amma da alama ya san abin da yake faɗa.

Injiniya Bashir: Ni dai na yi wa mutane da dama, ban ga wanda aka ƙara wa don ya yi afil ba.

Ɗan Kumasi: A bar maganar ɗakin ƙasa, kar a tona wa wasu asiri.

Hajiya Bilki: Ɗan Kumasi, da wa kake? In da ni kake ka kira sunana. Ƙanena ne a ɗakin, ba ɗan haya ba.

Ɗan Kumasi: Ban kira sunan kowa ba, Hajiya.

Hajiya Bilki: Kullum haka kuke. Wanda ya yi tasi shekara ashirin, ya hana kansa barci ya sayi gida, shi ne abokin gaba. Maman Khalifa, ƙanwata, da wa kika fara sauka a garin nan? Ba gidan mai gida ba ne? Yau mun zama azzalumai.

Maman Khalifa: Yaya Bilki, ban ce azzalumai ba, kar ki sa min magana a baki. Na ce ba talakawa ba ne. Kuma alherin da kika yi min ban manta ba, ba sai an karanta shi a gaban mutum ɗari ba.

Auwal Ɗalibi: Ina neman afuwar manya. Maganar Alhaji tana da tushe, ko da shi ba talaka ba ne. A 2017 jaridar Chicago Tribune ta yi dogon bincike ta nuna cewa a zamanin Joseph Berrios, shugaban ofishin kima na lokacin, ana kimanta gidajen marasa ƙarfi sama da darajarsu, na masu kuɗi ƙasa da darajarsu, kuma afil yana ƙara faɗaɗa giɓin, domin masu kuɗi ne suka fi yi kuma suka fi ci. Farfesa Christopher Berry na Jami'ar Shikago ya yi lissafin da ya nuna haka. Abin da ya kayar da Berrios a zaɓen fidda gwani na 2018 ke nan, Fritz Kaegi ya hau kujerarsa. Sannan ku tuna Ed Burke, tsohon kansilan Shikago, da Mike Madigan, tsohon kakakin majalisar wakilan jihar Illinois, a lokacinsu kowannensu yana da kamfanin lauyoyi na afil ɗin harajin manyan gine-gine. Burke a Disambar 2023 aka same shi da laifi, a ciki har da matsa wa 'yan kasuwa su kai wa kamfaninsa aiki.

Alhaji Sabo: Allah ya yi maka albarka ɗana. Kun ji? Yaudara ce.

Auwal Ɗalibi: Kawu, ban ce yaudara ce ga kai ba. Na ce manya sun fi cin moriyarta.

Injiniya Bashir: Kuma maganinsa ƙanana su ma su yi, ba su zauna ba. A 2025 rahoton ma'ajiyar gunduma Maria Pappas ya nuna darajar manyan gine-ginen tsakiyar birni ta faɗi, nauyin ya koma kan gidajen zama. A unguwar West Garfield Park harajin matsakaicin gida ya fi ninki biyu. Ofishin Kaegi ya ɗaga kimar gine-ginen kasuwanci, hukumar bita ta sauke.

Malam Isufu: To Kaegi ɗin ne matsala. Tun da ya hau ban ga sauƙi ba. Na Berrios aƙalla ka san inda ka tsaya.

Auwal Ɗalibi: Malam, inda ka tsaya a lokacin shi ne kana biya wa mai gida a Lincoln Park, unguwar masu kuɗi.

Malam Isufu: Kai yaro ne, ba ka da ko gareji. Ka bari sai ka sayi gida.

Baba Tanko: Da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979, bai ce a yi afil ba. Soke haraji da jangali ya yi, kai tsaye. Shugaba ke nan.

Ɗan Kumasi: Baba, nan ba Kano ba ne. A soke haraji, makarantar da jikokinka ke zuwa wa zai biya? Kuma kullum sai kun kawo mana siyasar Kano, kamar zauren na Kanawa ne kaɗai.

Baba Tanko: Kai da ba ka biya kuɗin asusun jana'iza ba tun Ramadan, kai ne za ka koya min wa zai biya?

Ɗan Kumasi: Na biya! Na ba ma'aji hannu da hannu a wurin sunan da aka yi. A duba littafi.

Hajiya Bilki: Littafin yana wurina, babu sunanka.

Ustaz Nura: Jama'a ku ji tsoron Allah. Ni abin da ya fi damuna ba wanda ya taɓa shi. Alhaji ya ce gidan na banki ne shekara goma sha tara. Bashin da ruwa ne ko babu? Muna kukan dala dubu ta haraji, mun manta da abin da ya fi ta nauyi.

Alhaji Sabo: Ustaz, na tambayi malamai kafin in saya, ba a nan za a yi min fatawa ba.

Maman Khalifa: Ni tambayata ɗaya ce, Alhaji, ka amsa a gaban kowa. Dala dubun nan, kai za ka biya ko za ka raba wa mutanen hawa na biyu da na uku idan yarjejeniyar haya ta ƙare? Ɗiyar yayata tana hawa na uku, bara ka ƙara mata ka ce haraji ne. Da aka rage maka kima, ka rage mata?

Alhaji Sabo: Wannan tsakanina da ita ne.

Maman Khalifa: Shi ke nan. Na samu amsa.

Injiniya Bashir: Kafin a watse, duk mai gida ya duba ƙasan takardarsa ya ga ko an sa masa rangwamen mai gida. Wanda ya kai shekara 65 akwai ƙarin rangwamen 8,000 na tsofaffi da ake cirewa daga kimar da aka ninka. In an tsallake maka a shekarun baya, akwai takardar gyaran kuskure da ake cikewa a dawo maka da kuɗinka. Baba Tanko, ka duba taka.

Baba Tanko: Ba na cike wa kowa takarda. Su suka ƙara, su san yadda za su rage.

Shugaban zaure, Alhaji Mudi: Ya isa haka. Saƙo ya yi yawa, mutane suna wurin aiki. Ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, an tabbatar da maganar Alhaji Sabo cewa tsarin afil na manya ne da lauyoyinsu, Auwal ya kawo hujja daga jarida da jami'a, ba wanda ya musa. Na biyu, Baba Tanko, wanda ya girme mu duka, ya fayyace cewa mai gida ma talaka ne, don haka wannan magana ta mutu. Na uku, mu masu gidaje muna ɗauke da nauyin da masu haya ba sa gani, ya kamata a riƙa yi mana uzuri maimakon gori. Injiniya ya yi bayanin lissafi, mai so ya same shi ta gefe. Maman Khalifa, shigo da maganar ɗiyar yayarki bai dace ba, ina so ki ba Alhaji haƙuri. Batun asusun jana'iza za a duba shi a taron wata. Na rufe zauren, shugabanni kaɗai za su iya turo saƙo har zuwa gobe da safe.