Neman kalma kafin shirin gobe

Ɗan Samaru: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan gabatar da shiri a rediyo kan yarjejeniyar hukumar UNESCO (mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 2021, wadda ƙasashe 193 suka amince da ita, ta amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, bisa ɗa'a. Inda na maƙale shi ne "smart city", birnin da kyamarori da na'urori ke tara bayanai su sarrafa fitilun hanya, ruwa da tsaro. Me zan ce?

Malamar Kongo: Birni mai wayo.

Ɗan Samaru: Malama, mai sauraro zai zaci birnin 'yan damfara nake nufi.

Injiniya: Birnin zamani, ka huta.

Malamar Kongo: Abuja ma birnin zamani ce, amma fitilunta ba su san yawan motocin da ke jira ba.

Baban Tudun Wada: Farkakken birni. Na daɗe ina amfani da ita a aji. Kuma wannan "ƙirƙirarriyar basira" taku, gidajen rediyon waje suka ɗora mana ita, baki har ya gaji kafin a kai ƙarshenta.

Injiniya: Baba, farkakke kamar an tashe shi sahur? Ni dai abin da na sani, kyamara ce a Kwangila tana ɗaukar lambar motarka da fuskarka. Wa ke riƙe da hoton, har zuwa yaushe? Dokar kare bayanan sirri ta 2023 saboda irin wannan aka yi ta. Ku kira shi birni mai sa ido, gaskiyar ke nan.

Baban Tudun Wada: Yaro, a garin nan na Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Sai yanzu Bazazzagi zai zauna jiran Kano ko Landan su raɗa wa abu suna?

Malamar Kongo: Ranka ya daɗe, daidaitacciyar Hausar da jaridar ta bi ai kan Kananci aka gina ta.

Baban Tudun Wada: Amma mu muka buga.

Ɗan Samaru: Don Allah a dawo, dare na yi.

Malamar Kongo: To, birni mai basira. Ya dace da kalmar da kunne ya riga ya saba da ita. Ka yi bayani sau ɗaya a farkon shiri, ka kawo zancen kyamarar Injiniya.

Ɗan Samaru: Shi zan ɗauka. Na gode.

Baban Tudun Wada: Basira Larabci ce fa. A yi da ita gobe, amma ɗalibaina farkakken birni za su rubuta.