Ƙauna ce ko cikinsa yake bi?

Maman Ilham: Jama'a ku ba ni shawara, na gaji. Karen nan nawa ya hana ni sakat. In na miƙe ya miƙe, in na shiga banɗaki ya kwanta a bakin ƙofa yana kuka ƙasa-ƙasa, in na zauna sai ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata. Ƙaunar da yake min ta yi yawa, har fargabar fita nake yi saboda tausayinsa.

Baban Sadik: Hajiya, wace ƙauna kuma? Kare cikinsa yake bi. Ki bar wa wani ba shi abinci, ki ga wanda zai koma bi.

Anti Zee: Haba Baban Sadik! Ka taɓa kiwon kare kuwa? A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Jafan sun auna karnuka da masu su. Sun gano idan suka daɗe suna kallon juna ido cikin ido, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikin su biyun, kuma shi ne sinadarin da ke ƙulla uwa da jaririnta. Da aka gwada da kyarketai da mutum ya rena, ba a ga haka ba.

Baban Sadik: Sinadari dai kika ce, Anti. Sinadari daban, ƙauna daban. Ƙauna sai mai hankali.

Anti Zee: To kai taka ƙaunar da me take aiki, in ba jini da ƙwaƙwalwa ba?

Malam Garba: Ku duka kun kauce. Sabo ne. Sabo turken wawa, in ji magabata.

Ummi ƙarama: Malam, a yi haƙuri, amma sabo kaɗai ba zai sa Hachiko, wani kare a Jafan, ya riƙa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiran maigidansa da ya rasu a 1925 ba, har shi ma ya mutu a 1935. Mamaci ai ba ya ba da abinci.

Baban Sadik: Masu wucewa suna ba shi, ƙanwata. Ku daina ɗora wa dabba zuciyar mutum.

Dakta H.: Maman Ilham, ki duba abu guda. Bin mutum a cikin gida ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne halinsa bayan kin fita: yana yage ƙofa, yana haushi ba tsayawa, yana fitsari a ɗaki? In haka ne, damuwar rabuwa ce, kuma yawanci takan tashi jim kaɗan da fitar mutum. Ki ajiye waya ta ɗauki bidiyonsa. In kuma tsoho ne, kuma kwatsam ya fara liƙe miki, a duba idonsa da kunnensa.

Baban Sadik: Kun ji ko? Likita ta ce damuwa, ba ta ce ƙauna ba.

Anti Zee: Wa ke damuwa da rabuwa da wanda ba ya so? Kai dai tun muhawarar kyanwa kake riƙe da ni.

Baban Sadik: Ni ban riƙe kowa ba. Ke ce duk abin da Maman Ilham ta faɗa sai kin tare mata, don ƙawarki ce.

Ummi ƙarama: Yaya, ai kai ma Malam Garba bai taɓa saɓa maka ba.

Malam Garba: Ummi, ki cire sunana. Ni sabo na ce, kuma ina nan a kan bakana.

Alhaji Mai Zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka tsayar: hujja tana wajen masu cewa ƙauna ce, don su suka kawo bincike da tarihi. Ni ma na yi kiwon kare, kuma wanda ya taɓa dawowa gida ya ga irin murnar da yake yi ba zai kira ta yunwa ba. Ɗaya ɓangaren bai kawo komai ba sai musu.

Malam Garba: Alhaji, ba a yi adalci ba. Maganar sabo ko ambatonta ba ka yi ba, ta likita ma ka tsallake.