Neman abokan wasan labari na kan tebur: me ya yi aiki, me ya watse?

Baban Zara:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a tsakaninmu. Mutum ya karanta dokokin wasa, ya kalli yadda ake yi a YouTube, abin ya shiga ransa, amma babu wanda zai zauna da shi. Ina nufin wasan nan da mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana magana da bakinsa, mutum ɗaya ya ja labarin, a jefa dais idan abu ya zo da shakka. Kuma irin wanda labari da halayen mutane ke gaba nake nufi, ba wanda za a wuni ana lissafin sara da suka ba. Duk wanda ya taɓa neman rukunin wasa ko ya haɗa nasa, don Allah ya faɗa mana dalla-dalla.

Malam Na-Dala:
Wa alaikumus salam. Baban Zara, a garuruwanmu da wuya ka tarar da rukunin da ya riga ya kafu yana jiranka. Kai ne za ka haɗa shi, kuma kai ne za ka ja labarin farko ko da ba ka ƙware ba, domin masu son su buga sun fi masu yarda su ja yawa nesa ba kusa ba.

Wuraren da ake samun mutane su ne ƙungiyoyin marubuta, 'yan wasan kwaikwayo na makarantu, masu muhawara, da majalisar da ake dara ko ludo da yamma. 'Yan wasan kwaikwayo sun fi kowa saurin kamawa, don ba sa jin kunyar sauya murya. 'Yan dara kan zo da son cin nasara, sai an nuna musu cewa a nan ba a cinye kowa.

Sanarwa a babban zauren WhatsApp ba ta kawo mutane. Za ka ga "ina ciki" rututu, ranar zama ka ga tabarma wayam. Ka bi mutum shi kaɗai, ka ce masa: "Ranar Asabar ƙarfe goma zuwa azahar, a zauren gidanmu, mu biyar za mu ƙirƙiri labari tare, kai za ka zama ɗaya daga cikin mutanen ciki. Ba sai ka karanta komai ba, zama ɗaya ne." Rana, wuri, lokacin tashi, da cewa ba alkawarin dindindin ba ne. Ka gayyaci shida, huɗu za su zo, huɗun kuwa su ake so. Idan 'yan wasa suka wuce biyar, kowa zai daɗe yana jiran a zo kansa, daga nan sai a zaro waya.

Ummu Hanan:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ya tsallake babbar taska: marubutan labarai na intanet, waɗanda yawancinsu mata ne. Mai iya riƙe masu karatu shafi bayan shafi a WhatsApp ko Wattpad ta riga ta san gina jaruma, ta san inda ake yanke labari a bar mutum da ƙishi. Rukunin mata zalla a falon ɗaya daga cikinsu ya fi sauƙin samun amincewar gida, kuma yana ɗorewa idan aka sa shi tsakanin sha ɗaya na safe da la'asar, kafin girkin dare.

Matsalar marubuta ɗaya ce, kuma babba ce. Marubuciya ta saba ita ke da farko da ƙarshe. Idan ita ke jan labari, sai ta zo da ƙarshensa a rubuce, duk abin da sauran suka zaɓa ta lanƙwaso shi ya dawo kan hanyarta. Zama biyu ake yi su gane zaɓinsu ba ya sauya komai, su daina zuwa. Maganinsa: ta shirya yanayi, kada ta shirya sakamako. Mutum uku a rubuce, kowanne da abin da yake so da abin da yake ɓoyewa, wuri biyu, da matsala ɗaya da za ta ƙazanta idan ba a taɓa ta ba. Rabin shafi ya isa. Idan kuma 'yar wasa ce, a hana ta zuwa da tarihin jaruma shafi biyar. Layi uku: wace ce, me take nema, wa take bin bashi ko wa ke bin ta a cikin sauran jaruman teburin. Wannan layi na ukun shi ke haɗa su wuri guda.

Injiniya Sabo:
Ni kan zaɓin wasa zan yi magana, don shi ke tace irin mutanen da za su tsaya. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, shi ne sunan da kowa ya sani, kuma akwai taƙaitattun dokokinsa kyauta a intanet. Amma yana buƙatar dais masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, waɗanda ba a samu a kantin unguwa, haɗa jarumi ga sabon shiga kan ci sa'a guda, kuma kaso mai yawa na dokokinsa kan faɗa ne. Wanda ya fara da shi zai tara masu son faɗa.

Ga mai son labari, ga waɗanda dais ɗin ludo ya ishe su. Wasannin da aka gina kan tsarin Apocalypse World na 2010 dais biyu kawai suke so: ka jefa, ka haɗa, ka ƙara makin jaruminka. 10 zuwa sama ka samu abin da kake so, 7 zuwa 9 ka samu amma da tsada, 6 zuwa ƙasa mai jan labari ya kawo sabuwar matsala. Idan babu ƙarin maki, cikin hanyoyi 36 da dais biyu ke iya faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da nasara tsantsa, 15 nasara mai tsada, 15 matsala. Wato tsarin da kansa yana tura labari gaba, ba a taɓa cewa "ba ka iya ba" a tsaya nan.

Fate yana amfani da dais huɗu masu alamar ƙari, ragi da fili. Ba sai an saya ba: a dais ɗin ludo 1 da 2 ragi, 3 da 4 fili, 5 da 6 ƙari. Fiasco na 2009 ba shi da mai jan labari sam, mutum uku zuwa biyar, a tsohon tsarinsa kowa dais huɗu, biyu farare biyu baƙaƙe, kuma a zama ɗaya ake gamawa. Lasers & Feelings shafi ɗaya ne kacal, kyauta, kowa ya zaɓi lamba daga 2 zuwa 5 a fara. Don zaman gwaji ban san wanda ya fi shi sauƙi ba.

Kayan zama: takardar jarumi ga kowa da biyu na ajiya, fensir ba biro ba don ana gogewa, ƙananan katuttuka da za a naɗe a rubuta sunan jarumi a ajiye gaban kowa, da faranti mai baki da za a riƙa jefa dais a ciki. Mai ja ya fassara dokokin zuwa Hausa a shafi ɗaya tun kafin ranar. Karanta Turanci ana fassarawa a tsakiyar wasa yana kashe armashi.

Yaya Hafsa:
Ga na Abuja, akwai ƙofa. Kamfanin NIBCARD Games, wanda ya ci lambar yabo ta harkar wasanni mai suna Diana Jones a 2021, yana can, kuma su ke shirya taron wasannin tebur na AB Con. A Legas ma akwai Lagos Comic Con. Sai dai a sani, yawancin masu zuwa irin wannan wuri 'yan wasan allo da kati ne. Kada ka je kana tambaya ko akwai rukuni. Ka je da wasanka na shafi ɗaya da dais, ka nemi izinin masu wurin, ka ce kana neman mutum uku na sa'a biyu. Wanda ya ji daɗi ka karɓi lambarsa nan take.

Waɗanda ke karatu ko aiki a Ingila, Amurka ko Jamus kuwa, kantunan sayar da wasanni kan ware dare guda a mako, akwai kuma Meetup, shafin intanet na haɗa masu sha'awa iri ɗaya, da ƙungiyoyin ɗalibai a jami'a. Teburin kanti yawanci na Adventurers League ne, wato tsarin buga Dungeons & Dragons da kowa ke iya shiga, inda 'yan wasa ke sauyawa mako-mako, don haka dangantaka tsakanin jarumai ba ta yin zurfi. Ka je don sanin mutane, ka lura da wanda jaruminsa ke tsayawa ya yi hira da mai gadin ƙofa a cikin labari maimakon ya zare takobi. Shi za ka ja gefe.

Kafin ka shiga kowane rukuni, tambaya uku: a zaman da ya wuce me ya faru? Idan amsar duk dodanni ne da aka kashe, ka san inda ka dosa. An taɓa yin zama ba a yi faɗa ba? Kuma me ya sa wanda za ka maye gurbinsa ya tafi?

Malam Na-Dala:
Akwai abu biyu da in ba a warware su tun farko ba za su rusa zama a ƙasar Hausa. Na farko dais. Mai gida ya leƙo ya ga samari sun zagaye faranti ana jefawa, caca zai fara kawowa a ransa. A yi masa bayani tun kafin ranar, kuma kada kuɗi ya hau tabarmar ko na lemo ne. Sannan akwai malaman da ke hana wasa da dais ko babu kuɗi. Wanda ya ce wannan ne uzurinsa, kada a ja da shi. Akwai wasannin da ba su da dais: Dread da hasumiyar katakon Jenga ake yin sa, ka zare katako idan jaruminka zai yi abu mai haɗari, ta rushe ya fita daga labarin. Amber na 1991 kuwa maki kawai ake kwatantawa.

Na biyu abin da ke cikin labarin. Yawancin littattafan waje cike suke da gumaka da matsafa, kuma da yawa daga cikin mutanenmu ba za su yarda su furta irin wannan ba ko da wasa. Ba dole ba ne. Ɗauki ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja sayen goro: ga madugu, ga jagaba, ga uban dawaki, ga sarkin da ke neman kuɗin fito a bakin kogi, ga kanwar da ta jiƙe, ga wanda ake zargi yana kai wa 'yan fashi labari kafin a isa Salaga. Kowa ya san ƙasar, ba sai an yi masa bayanin sa'a guda ba.

Ummu Hanan:
Abin da ke kashe rukuni bayan ya kafu, lokaci ne. "Yaushe kowa ke da sarari?" tambaya ce da ba ta da amsa. A tsayar da rana ɗaya, misali Asabar bayan Asabar, da doka: idan mai ja da mutum uku sun samu, za a yi, jarumin wanda bai zo ba an aike shi wani wuri. Soke zama biyu a jere shi ne farkon mutuwa. La'asar zuwa magariba ba ta kai ba, kafin a gama gaisawa an ci rabi. Sa'a uku ake so, da hutun salla a tsakiya. Da azumi a ɗage gaba ɗaya, amma a sa ranar dawowa kafin a rabu.

Idan zaman gwaji ya yi daɗi, kada a faɗa labari mai dogon zango kai tsaye. A yi zaman share fage: wane irin labari ake so, me ba za a taɓa ba ko kaɗan, me za a ambata a wuce ba tare da bayani ba, jarumi zai iya cutar da jarumin wani ko a'a. A ajiye kati mai alamar X a tsakiya, wanda abu ya dama ya taɓa shi, a sauya hanya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Sannan a yi alkawarin zama huɗu zuwa shida kawai, labari ya ƙare, wanda zai ci gaba ya sabunta.

Auwal Ƙarami:
Anti, idan mutum ɗaya ya cinye magana fa? Kuma idan garin babu kowa, intanet ba zai yi ba?

Injiniya Sabo:
Ƙanena, mai ja ya daina cewa "me za ku yi?" Ya kira suna: "Kai jagaba, kai ka fara hango ƙurar, me ka yi?" Ya zagaya da tambayar, ya fara da mai shiru. Idan mai surutun bai gane ba, a yi masa magana shi kaɗai bayan an tashi, ba a gaban mutane ba.

Intanet yana yi, Discord don murya, Roll20 don dais da takardu. Ka kula da agogo: ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a Najeriya da Nijar, da sanyinsu kuma ƙarfe ɗaya. Ka nemi teburin Turai, tazararmu da su ba ta wuce sa'a ɗaya ko biyu ba. A kashe bidiyo a bar murya saboda data, waya a cike, da abin caji a kusa. Wasa ta rubutu a WhatsApp yana yiwuwa idan an sa wa'adi: kowa ya amsa cikin kwana ɗaya, wanda bai amsa ba mai ja ya motsa jaruminsa a ci gaba.

Baban Zara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, in za ka iya turo fassararka ta dokar dais biyun nan, za mu buga ta a takarda kafin Asabar. Masu zama Kaduna da Zariya kuma su faɗi unguwarsu a ƙasa, a ga ko za a tada huɗu.