Basfar Baba tana mutuwa in ta ɗau zafi, wuta ce ko mai?

Magajin Basfa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin kan Basfa ku agaza min da shawara tun kafin raina ya ɓaci na kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli. Ta marigayi mahaifinmu ce, Vespa Super 150 irin mai kontak ɗin nan (ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don a ba fulogi wuta), ta fi shekara 10 a jingine a zaure har kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki, to ganin yadda mai yayi tsada sai nace bari na tashe ta na riƙa zuwa kasuwa da ita. Na wanke kafireto na sa sabon fulogi na zuba mai, wlh bugu uku ta tashi, Hajiya na jin ƙarar ta leƙo daga cikin gida tana share hawaye.

Matsalar ita ce da safe lafiya lau take tashi, amma in nayi tafiyar minti 10 zuwa 15 sai ta fara fizga, in na murɗa totur sai tayi kamar an shaƙe mata wuya daga nan sai ɗif. In na samu inuwa na tsaya kamar minti 20 sai ta tashi kamar ba ita ba. Jiya da rana tsaka na tura ta har gida yaran unguwa na min dariya. Sannan fitilar gaba tana kawowa tana ɗaukewa in na shiga gargada. Bakaniken layinmu yaro ne, a kan Boxer ya koyi aiki, sau biyu yana canza min fulogi daga ƙarshe yace wai injin ne ya gaji. Ni dai ban yarda ba.

Ɗan Garejin Bakin Titi:
Wslm. Oga kondensa ce ba wata tantama, 'yar na'urar nan da ke aiki tare da kontak, haka take yi in ta tsufa, da sanyi ta yi aiki in ta ji zafi ta ɗauke wuta. Ka canza ta kawai ka huta.

Na Maraɗi:
Ni kuma ina ganin mai ne ɗan uwa. Tawa tayi min irin wannan sak, na sayi kwayil na sayi kontak duk a banza, ashe ɗan ƙaramin ramin da ke jikin murfin tanki ne ƙura ta toshe, iska bata shiga to mai ma baya sauka. Gwadawa kyauta ce, in ta mutu kayi maza ka ɗaga kujera ka kwance murfin, in kaji tayi "fuuu" kuma ta tashi nan take to ka kama ɓarawonka. Kuma a ina kake shan mai? In na kwalba ne irin ruwa-ruwa da muke sha a nan, ku kuna cewa bumburutu, ka riƙa tacewa da ƙyalle.

Tsohon Bakanike:
Allah ya jiƙan mahaifinka yaro, ya sa ya huta. Injin bai gaji ba, injin da ya gaji ba zai tashi a bugu uku da sanyin safiya ba, wannan ka cire shi a ranka.

Duk su biyun da suka yi magana za su iya yin daidai, amma inda nake faɗa da yaran yanzu kenan, mutum bai ga mara lafiya ba ya rubuta magani. Basfa bata ɓoye ciwonta, sai dai lokacin da ta mutu a titi ne take faɗa maka, in ka bari ta huce ka kai ta gareji to shaida ta gudu. Saboda haka gobe ka zuba sufanar fulogi da tsumma a aljihu ka fita da niyyar ta mutu.

Tana fara fizgar nan tun bata mutu ba ka ja cok. In ta farfaɗo ta ɗan ƙara tafiya, mai ne baya isarta. In ta ƙara shaƙewa, to ba yunwa bace. Tana mutuwa kuma ka sauka ka kwance fulogi da tsumma don zai ƙona ka, ka duba bakinsa. In a bushe yake fari-fari mai bai zo ba, in a jiƙe yake yana warin fetur to mai ya zo wuta ce babu. Sai ka mayar da shi cikin hularsa ka manna jikinsa da ƙarfen injin, nesa da ramin fulogin kada ka tada mana gobara, ka taka kik. Wuta mai kyau shuɗiya ce tana ƙara tas tas, in ja-ja ce siririya ko babu gaba ɗaya, sannan ne za a yi maganar kondensa da kwayil da kontak.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shekara 10 ɗin da ta yi a ajiye. Kace ka wanke kafireto, tankin fa? Man da aka bari a ciki ya daɗe da zama danƙo, ga tsatsa, kuma famfon man da ke gindin tanki yana da 'yar rariya, in ta cika da datti mai zai riƙa ɗiga ne kaɗan kaɗan, ya cika kafireto in tana tsaye, kana tafiya ta shanye wanda ya taru ta mutu, ka tsaya ya sake taruwa. Ka ga ai zafi ba ruwansa a nan, lokaci ne kawai. Cire tiyon daga kafireto ka sa bakinsa a gwangwani ka buɗe famfo, ya kamata ya zuba ba yankewa, ka bar shi ya ɗan jima kana kallo. Kuma wannan babur bashi da famfon tura mai, gangarowa yake da kansa, in tiyon ya cika tsawo ya lanƙwashe ma haka za ka gani. Kada ka riƙa matsa mata tana wannan yunwar, don baƙin man da ke jiƙa fistin a cikin fetur ɗin yake tafiya, ba mai ba baƙin mai, wata rana fistin zai kama ka jawo wa kanka babban aiki.

Fitila kuwa wani ciwon ne daban, irin taku ba batir, daga maganeto wutar ke fitowa. Wayoyin da suka fito daga bayan fanka zuwa ɗan akwatin da ke kan injin robarsu ta kan bushe ta dinga marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. In wayar fitila ce ke taɓa ƙarfe fitila ta ɗauke, in ta kashe injin ce ke taɓawa babur ya mutu. Ka buɗe ka gani da idonka.

Magajin Basfa:
Amin Baba na gode Allah ya ƙara girma. Gaskiya ko leƙa tankin ban yi ba. To baƙin man nawa ya kamata na riƙa zubawa? Ni da ido nake tsiyayawa irin yadda na ga Baba yana yi, kuma na mota nake sawa.

Tsohon Bakanike:
Shi Baban naka hannunsa ya saba, kai naka bai saba ba. Ka nemi 2T, baƙin man da ake haɗawa da fetur, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita, sirinji na kemis ya ishe ka awo. In ka cika shi fulogi ya yi baƙi salansa ta toshe. In ka kai ga kontak, akwai taga a jikin fanka, ka goge bakinsa da samfefa mai laushi ka saita tazarar wajen mm 0.4, ta fulogi kuma 0.6. Ƙusoshin kafireto biyun nan kada ka ɗaure su da ƙarfin tuwo, gindinsa lanƙwashewa yake ya fara jan iska. Fanka kuma ko da wasa kada wani ya sa mata guduma.

Magajin Basfa:
Jama'a na dawo da rahoto. Ta mutu a daidai inda ta saba, na ja cok ta ɗan ƙara gaba kaɗan, na kwance fulogi a bushe ƙayau, wuta kuma shuɗiya tana nan har ta ɗan ja ni a yatsa. Murfin tanki lafiyarsa ƙalau ɗan uwa na Maraɗi. Da muka ciro tankin abin da ya fito daga ciki sai kace ruwan kunun kanwa, rariyar famfo ko haske baya wucewa. Na zuba tsakuwa da kananzir nayi ta jijjigawa har hannuna ya gaji, na sa sabon tiyo, yau na yi minti 40 a kai ko tari bata yi ba. Wayoyin kuma Baba kamar kana gani, ina taɓa ɗaya robar ta zube min a tafin hannu, na naɗe da salatif na wucin gadi. Ranar Asabar zan shiga Ƙofar Ruwa neman famfon mai da wayoyi, akwai wanda ya san ko na Bajaj Chetak zai hau?

Ɗan Garejin Bakin Titi:
To na ji kunya, amma dai ka sayo kondensar ka ajiye a aljihun babur. Famfon kuma ka tafi da tsohon a hannu a gwada maka a gabanka.