Taƙaitawa: ɗinkin takalmi sau-ciki na hannu

Jama'a maganar da aka yi ta yi kan yadda ake ɗinka takalmi sau-ciki da hannu ta yi tsawo, ga abin da na tsamo.

1. Awo. Kusan kowa ya yarda a zana ƙafar mutum a takarda yana tsaye, duka biyun, don da wuya su zo daidai, kuma da yamma ya fi saboda ƙafa takan ɗan kumbura.

2. Fata. Nan aka fi daɗewa. Masu son fatar jar akuyar Sakkwato sun ce ta fi laushi kuma tana bin ƙafa, wasu suka ce sam, ita a ciki ta dace, sama sai kirgi in ana so ya yi ƙarko. Amma duk sun haɗu kan jimar bagaruwa, sai dai a shinshina kafin a saya, in tana wari jimar ba ta nuna ba. Ƴan Kano sun ce mai neman fata ya leƙa kasuwar Ƙofar Wambai.

3. Zare a goga masa kakin zuma, a huda ramuka tukuna kafin basilla ta shiga, in ba haka ba tattarar fatar gaban takalmin sai ta karkace.

4. Ƙasan takalmi, an rabu biyu. Dattawa na kan fata zalla, matasa suka ce da damina fa? sai roba. Ni dai roba siririya ta fi kwanta min. Gam kaɗai kuwa ba wanda ya goyi baya, a haɗa da ɗinki.

5. A karɓi kafin alƙalami kafin a yanka fata, takalmin wani ba ya shiga ƙafar wani.