Jiri a jirgin ruwa ba tare da shan magani ba

A wata hira a Kasuwar Bacci da ke Kaduna, 'yan kasuwar da ke zuwa Legas sun tattauna kan jiri da tashin zuciya a jirgin ruwa. Wani ma'aikacin jinya ya ce cikin kunne ne ke jin kaɗawar jirgi, ido kuwa bai ga motsi ba, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Don haka a zauna tsakiyar jirgi, a mayar da waya aljihu, a kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Wannan shawara na fi gamsuwa da ita.

Wata hajiya ta ce wa wani saurayi: "Ɗana, tauna ɗanyar cittar Kachia kafin a tashi." An kuma hana cika ciki da ƙosai mai maiƙo, da zama kusa da hayaƙin inji.