Me za mu kira minti biyar ɗin ƙarshen darasin addini?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum malamai. An ɗora mini fassara jagorar malami ta darasin addini, aji uku zuwa shida na firamare, ranar Alhamis zan miƙa. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "reflection". Bayan an gama ba da labari, yara su yi shiru minti biyar, kowa ya tambayi kansa ina labarin ya shafe shi. Ba a ba da maki. Malaman Musulunci da na Kirista duk da wannan jagorar za su shiga aji, shi ya sa nake son kalmar da kowa zai ji tasa ce.

Abu Ammar: Wa alaikumus salam. Tafakkuri, Malama. Aya ta 191 ta Ali Imrana ta yabi masu tafakkuri cikin halittar sammai da ƙasa. In aya ce ake juyawa a zuci, tadabburi ne, kamar a Suratu Muhammad, aya ta 24. In kansa yaron zai bincika, muhasaba.

Maman Iliya: Malam, a ajina ba wanda zai gane ko ɗaya cikin ukun. Mu a coci bimbini muke cewa, a kan Maganar Allah.

Abu Ammar: Ni in na ji bimbini, mita nake ji, Mama. Mutum ya kama zance ɗaya ya ƙi saki.

Ɗan Nahawu: Ga abin da kullum ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da an ce addini sai a ruga Larabci, kamar Hausa ba ta da bakin magana da Ubangiji. Kalmar Turancin nan tana nufin abin da mutum ke gani a madubi ma. To ga shi: madubin zuci. Hausa tsantsa, kuma yaro ɗan shekara takwas zai ga hoton abin nan take.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, allo, alƙalami, littafi, darasi, har malam ɗin da ake kiranka, duk daga Larabci suka zo. In za a kore su, da me za ka shiga aji?

Ɗan Nahawu: Baba, waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru, sun zama 'yan gida. Tadabburi kuwa har gobe sai wanda ya yi zaure. Ba ƙin Larabci nake ba. Takaicina shi ne mu ne muke fara raina harshenmu kafin baƙo ya raina shi.

Abu Ammar: Wa ya raina? Tun kafin boko ake waƙoƙin wa'azi da Hausa a ajami, kuma cike suke da irin waɗannan kalmomi. Su ma raini ne?

Malamar Aji Huɗu: Don Allah malamai, Alhamis fa.

Tsohon Hedimasta: Yi haƙuri, 'yata. Madubin zuci yana da daɗin ji, ban musa ba, amma gwada shi a bakin malami: "Yara, ku yi madubin zuci." Bai zauna ba. Madubi sunan kayan aiki ne, kamar mabuɗi da maratayi, mu kuwa aikin muke nema.

Ɗan Nahawu: Sai a ce duban zuci.

Maman Iliya: A'a! Yaro ya koma gida ya ce yau malama ta koya mana duba? A darasin addini? Gobe iyaye za su cika ofishin hedimasta.

Abu Ammar: A nan kam ni da Mama bakinmu ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Ki guji bita da nazari kuma. Da malami ya ga "bita" zai koma jero tambayoyi, wa ya tuna sunan wane, shirun ya tafi ke nan. Ni abin da na riƙa ce wa yara shi ne, "Ku natsu ku yi tunani." Ba su taɓa tambayata ma'anarsa ba.

Maman Iliya: Tunani shi kaɗai yakan ja zuwa damuwa, kamar a ce wance ta shiga tunani. Da natsuwar a gaba dai ya gyaru.

Malamar Aji Huɗu: To zan sa kan sashen Natsuwa da Tunani. A gabatarwa zan rubuta cewa malamin Musulunci na iya cewa tafakkuri, na Kirista ya ce bimbini. Malam Ɗan Nahawu, zan ari hotonka a umarnin yara: "Labarin nan madubi ne, me ka gani game da kanka?"

Ɗan Nahawu: Kalma biyu da "da" a tsakiya bayani ne, Malama, ba suna ba. Ki miƙa haka saboda lokaci. In za a sake buga jagorar, ina nan da madubin zucina.